Kafin ɗanki ya taka jirgin ruwa: yadda ake shirya tafiyar kwanaki a kan kogi

Uwargida, in kina leƙa Facebook ko TikTok, da wuya a ce ba ki taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Farin jirgi yana ratsa tsakanin dogayen duwatsu, ruwa kwance shuɗi kamar an shimfiɗa shadda, wani kuma yana kwararowa daga ƙwanƙolin dutse. Yawancin hotunan daga ƙasar Norwe suke, can arewacin Turai. Kwaruruka ne masu zurfi da ƙanƙara ta yanka tun zamanin da, teku ta biyo ta cika su, mutanen ƙasar suna ce musu fiyod. Mafi tsawonsu, Sogne, ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa a wani wurin ya kai mita 1,300. Biyu daga cikinsu, Geiranger da Naeroy, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Masu hali kan ɗauki shatar jirgi na kwana biyar ko mako guda su zaga waɗannan wurare da iyalansu. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne shirin da ake yi kafin a tashi: wa zai tuƙa, mutum nawa jirgin ke ɗauka, a wace tasha za a kwana kowane dare, me hasashen yanayi ya ce. Tun watan Mayun 2015 doka ce a Norwe, duk wanda ke saman ƙaramin jirgin shaƙatawa da bai kai mita 8 ba, matuƙar yana tafiya, sai ya sa rigar kariya daga nutsewa.

Ke da ke Mahuta, ko Sabon Tasha, ko Unguwar Boro, ƙila ki ce wannan zancen masu kuɗin Turai ne. To amma mu ma muna ɗaukar shatar jirgi, kuma da mata da yara muke cika shi. Biki ya kama a wani ƙauye da ke tsallaken Neja, ko an yi rasuwa a tungar dangin maigida, ko za a je gida Sallah ko Kirsimeti, ko makarantar Islamiyya za ta kai ɗalibai Mauludi. Tafiya ce ta kwana uku ko huɗu, kuma a tsakiyarta akwai ruwan da dole a ƙetare. Ana yin lissafin anko, da kuɗin mota, da tsaraba, shi kuwa jirgi sai an isa bakin ruwa ake tuna shi. Wannan shi ne abin da ya kamata ya sauya: jirgi da lokacin fito su za a fara tsayarwa, sauran tafiya ta biyo bayansu.

Kogin da kike tsallakawa kullum

Duk ranar da kika hau gada za ki shiga cikin gari, kogin Kaduna ne a ƙarƙashinki. Daga tsaunukan Jos ya taso, tsawonsa kimanin kilomita 550. In ya bar garin nan sai ya nufi jihar Neja, ya cika dam ɗin Shiroro da aka gama a 1990, ya wuce Zungeru inda aka gina wani sabon dam, ya gangara ƙasar Nufawa, ya faɗa kogin Neja a Muregi, daura da Patigi ta jihar Kwara. A can Kede ne, Nufawan ruwa, ke riƙe da sana'ar jirgi tun kaka da kakanni.

Yamma da nan kuma akwai tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an datse Neja a 1968. Tsawonsa ya haura kilomita 130. Ruwansa ya shanye tsohon garin Busa da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. A samansa Yawuri take, ƙasar Gungawa da Sarkawa, inda kwale-kwale ya zama kamar babur a wurinmu. In aka gangaro kudu sai Lokoja, mahaɗar Neja da Binuwai, inda mutum zai hau dutsen Patti ya hango kogunan biyu suna haɗuwa.

Wurare ne masu kyan gani, kuma yaron da ya taso a birni zai ƙaru ƙwarai in ya ga masunta na jefa birgi da asuba, ko ya kalli wasan tseren jirage irin Rigata ta Yawuri da ta Patigi, ko bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Sai dai a irin waɗannan ruwaye aka yi asarar da har yau ba ta bar zukatan iyaye ba.

Abin da haɗurra biyar suka koya mana

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ya taso daga jihar Neja zai je kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Mahukuntan yankin sun ce bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 80 ba, amma ya ɗauko sama da 150, ga kuma kaya masu nauyi. Ya tsage a tsakiyar ruwa, mutum ashirin da 'yan kai kawai aka ceto a ranar.

Ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya kife da yamma ɗauke da ɗaliban Islamiyya da za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara.

A Yunin 2023 'yan biki ne, suna komowa daga ɗaurin aure a wani ƙauye na jihar Neja za su gida yankin Patigi. Cikin tsakar dare suka taso, jirgin ya daki itace a cikin ruwa. Fiye da mutum 100 suka rasu.

Ranar 1 ga Oktoban 2024, jirgi ɗauke da kusan mutum 300, galibi mata da yara, ya taso daga Mundi zai je Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa wajen Mauludi. Da dare ya kife, gommai suka rasu.

A farkon Satumban 2025 kuma masu zuwa ta'aziyya ne a ƙaramar hukumar Borgu. Su da rana tsaka suke tafiya, amma jirgin ya cika maƙil, ya daki kututture kusa da Gausawa. Nan ma gommai suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Ki duba da kyau. Babu ɗaya cikin tafiye-tafiyen nan da ba irin tamu ba: kasuwa, biki, Mauludi, gaisuwa. Kuma abubuwa huɗu ne ke ta maimaituwa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Uku daga cikin huɗun nan uwa tana iya ganinsu da idonta tun tana tsaye a gaɓa.

Doka tana bayanki

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ta hana jiragen fasinja tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ta hana lodin da ya wuce ƙa'ida, ta kuma wajabta wa kowane fasinja rigar kariya. A 2025 ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin ruwa ta fara rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, daga Minna aka soma. Hukumar N-HYPPADEC mai kula da yankunan da ke da madatsun lantarki ita ma ta sha raba riguna a ƙauyukan bakin ruwa.

Amma mashigai sun fi jami'ai yawa nesa ba kusa ba. A ƙananan tungaye ba lallai ki ga mai kaki ko ɗaya ba. Amfanin sanin dokar shi ne, in kin tambayi riga ko kin ƙi shiga da magariba, ba tsirfa kika ƙirƙiro ba, abin da hukuma ta ce ne.

Wane lokaci na shekara?

In ke ce da zaɓin rana, kamar ziyara ko yawon buɗe ido, ki sani kowane lokaci da halinsa.

Farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, hadari kan taso da iska mai ƙarfi, yawanci da la'asar ko yamma. A buɗaɗɗen ruwa irin Kainji, cikin mintoci kaɗan igiyar ruwa ke tashi. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma koguna sun cika sun batse, ruwa na gudu da ƙarfi yana jawo gungume da ciyayi, madatsu irin Shiroro da Kainji da Jebba kan saki ruwa. Wannan lokaci ya zo daidai da dogon hutun makaranta, shi ya sa iyaye da yawa ke tafiya a cikinsa ba tare da sun lura ba.

Neja tana da wata al'ada da kogin Kaduna ba shi da ita: sau biyu take cika. Bayan cikar damina, akwai wata da ke isowa wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwan da aka yi can ƙasar Gini ne ya ɗauki watanni yana ratso Mali da Nijar. Saboda haka kada ki ɗauka tunda an shiga hunturu ruwan Yawuri ya janye. Ga kuma hazo, wanda kan rufe gaɓa da safe har direba ya kasa hango abin da ke gabansa.

In ruwan dam ya ja baya kuwa, wata matsalar ke fitowa. Itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi, kututturansu na nan tsaye a ƙasa. Ruwa na raguwa suna matsowa kusa da sama. Ɗan gari ne kaɗai ya san inda suke.

Gaba ɗaya dai, rani da safe, bayan hazo ya washe kuma kafin iskar yamma, ya fi kwanciyar hankali. Ki riƙa duba hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa, ki kuma kira wani na can ki tambayi yadda ruwa yake a makon.

Hanyar mota ma lissafi ce

Kafin a kai ga ruwa sai an sha hanya. Mai zuwa Minna, Bida ko Lokoja yakan bi hanyar Abuja, ko daga tashar Television ko kuma jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu sannan a nemi mota. Mai zuwa Kontagora da Yawuri, hanyar da ta fi kusa ita ce ta Mando zuwa Birnin Gwari da Tegina, wadda ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga. Yammacin tafkin Kainji ma ba a zaune yake ba: a Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai masu yawa daga wata makaranta a Papiri, ƙaramar hukumar Agwara. Don haka yawon shaƙatawa da yara zuwa dajin Kainji ba abin yi ba ne sai tsaro ya tabbata. In tafiyar dole ce, a tambayi direbobin tasha da dangin da ke can kwana ɗaya kafin a tashi, kada a dogara da labarin watan jiya.

Babban kuskuren da ake yi shi ne haɗa doguwar tafiyar mota da fito a rana ɗaya. An bar Kaduna da safe, mota ta tsaya jiran fasinja, taya ta yi faci, an sha cunkoso, sai ga shi an isa bakin ruwa rana ta yi ja. Kowa ya gaji, yara na kuka, babu masauki, ga fitilun ƙauyen da za a je ana hangowa a tsallake. A wannan lokacin ne mutane masu hankali ke yarda su shiga jirgi cikin duhu.

Ga yadda ya fi dacewa a raba kwanakin. Ranar farko ta mota ce kawai, a kwana a babban gari mafi kusa da mashiga, kamar Bida ko Yelwa ko Lokoja, a gidan dangi ko masaukin da aka tanada tun daga gida. Rana ta biyu a yi fito da hantsi. Rana ta uku ta sha'anin da aka je ce. Rana ta huɗu a ƙetaro da safe a kama hanya. Ki ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana a lissafinki, da kuɗinsa a lalitarki, domin ranar da hadari ya haɗo ko jirgi ya cika ki iya cewa sai gobe ba tare da tunanin inda za ki kwana ba. Wannan kuɗin kwana ɗayan ya fi ankon muhimmanci.

Ɗaukar shata

In kun kai goma ko fiye, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar jirgi. Amfaninta ɗaya ne babba: ku ne da iko da yawan mutanen da za su shiga da lokacin tashi. Jirgin haya na ranar kasuwa ba ya tashi sai ya cika, kuma cikarsa a wurin mai shi ba irin cikar da kike nufi ba ce.

Kada a yi ciniki da wanda aka tsinta a bakin ruwa. Kowace babbar mashiga tana da shugabanni, Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi ko shugaban ƙungiyar masu jirage. Ta hannunsu za a bi, domin direban da shugabansa ya san da zamanku ba zai yi muku wasa ba. A tura wani namiji cikin dangi da ke can ya ga jirgin da idonsa, ya turo miki hoto ta WhatsApp.

Abubuwan da za a tsayar tun kafin a ba da kafin alƙalami: mutum nawa za su shiga, kuma goyo ma mutum ne, a ƙirga shi. Ba za a tsaya a hanya a ɗauki ko mutum ɗaya ko buhu ɗaya ba. Ƙarfe nawa za a tashi, zuwa da dawowa. Wa zai sayi mai, kuma a sayi wanda ya isa har da ragowa. Riguna nawa mai jirgin ke da su. A biya wani ɓangare a farko, cikon sai an dawo da ku gaɓar da aka ɗauke ku. In mai jirgi ya sa kuɗi ƙasa da na kowa, ki tambayi kanki da me zai cike giɓin. Yawanci da ƙarin fasinja ne. Araha ba ta ado.

In kun yi yawa, sawu biyu ya fi lodi ɗaya. Kaya masu nauyi, buhunan shinkafa, babura, kayan ɗakin amarya, su bi nasu sawun daban.

Minti biyar a bakin ruwa

Kafin ki miƙa yaro, ki tsaya ki duba. Akwai ruwa kwance a cikin jirgin? Ɗan kaɗan ba abin mamaki ba ne a jirgin katako, amma in yaron jirgi yana ta kwarfa tun ba a tashi ba, jirgin na yoyo. Ki dubi katakon, ko akwai ruɓaɓɓe ko inda aka toshe da tsumma. Ki tambaya ko akwai filafili da gora in inji ya mutu. Ki ga inda aka ajiye jarkokin fetur, kada a zaunar da yara kusa da su, kada kuma wani ya kunna taba.

Bayan kowa ya zauna, ki dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi. In ba ta wuce tafin hannu ba, igiya ɗaya ta isa ta shigo. Ki ce a rage, in an ƙi ki sauka da 'ya'yanki.

Direba ma abin dubawa ne. Ɗan wannan ruwan ne ko baƙo? Babba ne ko an bar wa yaro? Ki gaishe shi ki ji muryarsa, ki ga idonsa. Tambaya cikin ladabi ba ta ɓata wa mai gaskiya rai: "Malam, sannu da aiki. Mutum nawa ka saba ɗauka? Awa nawa za mu yi a ruwa?"

Rigar kariya: ki zo da taki

Ko a inda aka raba riguna, kusan duka na manya ne. Rigar babba a jikin yaro ba ta da amfani, yana faɗawa ruwa za ta zame ta kansa. In danginku na bakin ruwa ne kuma kuna zuwa duk shekara, sayen rigunan yara jari ne kamar gidan sauro. Ana samu a shagunan kayan wasanni da na kayan kariyar ma'aikata, ana kuma yin oda ta intanet. Da nauyin yaro ake zaɓa, ana rubuta kilo a jikinta. Ta ƙananan yara ta kasance mai abin tallafe ƙeya da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu.

Ki gwada a gida. Ki sa masa, ki ɗaure duk maɗaurai, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta haura ta rufe masa haɓa ko kunnuwa, ta yi yawa. Ki bar shi ya yi wasa da ita a tsakar gida don kada ya yi miki gardama a bakin ruwa.

Abu biyu sun shafe mu mata musamman. Na farko goyo. Kada ki shiga jirgi da yaro ɗaure a baya. Rigar kariya tana juya mutum ne ta kwantar da shi rigingine, kin ga wanda ke bayanki shi zai koma ƙarƙashin ruwa. Ki sauke shi, ki sa masa tasa rigar, ki riƙe shi a cinya. Jaririn da ya yi ƙanƙanta har babu rigar da ta yi masa daidai, mafi alheri a ɗage tafiya da shi. Na biyu sutura. Doguwar hijabi da babban mayafi in sun jiƙe suna nannaɗe hannu da ƙafa, suna rufe fuska. Ranar fito ki sa gajeren hijabi ko ƙaramin mayafi, ki cusa gefensa ciki, rigar kariya ta zama ita ce a sama, a ɗaure.

Jarka mai lita 20, babu komai ciki, an toshe bakinta da kyau an ɗaura mata igiya, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. A ajiye biyu ko uku a jirgi don jefa wa wanda ya faɗa. Amma ba ta maye gurbin riga, domin hannu na gajiya, yaro kuma ba zai iya riƙewa ba.

A cikin jirgi

Ki raba yara tun a gaɓa: kowane yaro da babban da ke kula da shi, a faɗi suna kowa ya ji. "Ana kula da su" yana nufin babu mai kula da su. Yara su zauna a tsakiya, ƙasa-ƙasa, ba a bakin jirgi ba. Babu tashi tsaye don ɗaukar hoto, babu tururuwa gefe ɗaya don kallon wani abu. A wajen Yawuri akwai dorina, in direba ya kauce wa wani wuri kada a matsa masa ya matsa kusa don yara su gani.

Ki gaya wa manyan yara abin da za su yi in abu ya faru, cikin natsuwa, ba don tsoratarwa ba. A kwanta rigingine, fuska sama, a buɗe hannuwa. Kada a cakumi kowa. In jirgin bai nutse ba a riƙe shi, ya fi sauƙin hangowa daga nesa. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa don ceton wani, ya jefa jarka ko igiya, ko ya miƙa gora.

Wayarki ki sa ta cikin leda mai zif, da caji. Kafin a tashi ki kira wani da ke tudu ki gaya masa sunan mashigar, sunan direba, yawanku, da lokacin da ya kamata ku isa.

Kwanakin da za ku yi a can

Haɗari bai ƙare da fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ke mutuwa ta nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaran tunga sun iya ruwa tun suna ƙanana, naki na birni zai bi su gaɓa yana ganin shi ma zai iya. Ranar biki, lokacin da mata ke can wajen girki da kwalliya, ita ce ranar da ta fi buƙatar ido.

Wanka a ruwa mai kwanciya kuma na kawo tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke shiga ta fata. In bayan makonni da dawowa kin ga jini a fitsarin yaro, ki kai shi asibiti ki faɗi inda kuka je, tana da magani. Ki tafi da gidan sauro, da gishirin zawo na ORS da ƙwayar zinc, da maganin zazzaɓi na yara. Ruwan sha a tafasa, ko a tafi da na leda isasshe. Zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya a yi gwajin maleriya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kunya

Duk abin da aka lissafa a sama mai sauƙi ne in aka kwatanta da wannan. Kina bakin ruwa, surukarki ta riga ta shiga, gwaggo na cewa mu da muka shekara arba'in muna hawa me ya same mu, facaloli na kallonki, wata ta ce 'yar birni ta fara. Mata da yawa sun ga jirgi ya cika, gabansu ya faɗi, amma suka shiga don kada a ce.

Maganin wannan a gida ake haɗa shi. Ki zauna da maigida tun ana saura mako, ku tsayar da magana uku: ba ma shiga bayan la'asar sakaliya, ba ma shiga babu riga, ba ma shiga jirgin da ya cika. Shi zai sanar da mahaifiyarsa da manyan gida tun kafin a tashi, don ranar ta zama maganarsa ce kike cikawa. In babu shi a tafiyar, ki nemi wata babba mai faɗa a ji ki jawo ta jikinki tun a mota.

A bakin ruwa ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba. "Mama, ku yi haƙuri, Abban su ya ce kada in shiga da su da yamma, za mu biyo ku da safe in Allah ya kai mu." Ko ki ce wa mai jirgi: "Baba, a yi sawu biyu, ni zan cika kuɗin man." Sau da yawa mace ɗaya na sauka za ki ga biyu ko uku sun biyo ta, dama jira suke wata ta fara.

Wanda ya ce ai komai ƙaddara ce, gaskiya ya faɗa, kuma ɗaura wa yaro riga ba jayayya da ƙaddara ba ce, kamar yadda kulle ƙofa da dare ba jayayya da ita ba ce. Fushin dangi kwana biyu ne, za a huce a ci tuwo tare.

In makarantar 'ya'yanki ko ƙungiyarku ta mata ko majami'arku na shirin tafiyar da ta haɗa da ƙetare ruwa, ki yi waɗannan tambayoyin tun a taron shiri, kafin a karɓi kuɗin kowa. Ke kuma da kika taso a bakin Neja ko Binuwai ko wani dam, ki rubuto mana a ƙasa yadda mashigarku take, da inda ake samun rigunan yara a Kaduna, don 'yan'uwa su amfana. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.